Tattaki Bayan Asuba: Jagora Ga Wanda Ya Daɗe Bai Motsa Jiki Ba

Bene hawa biyu ne ya tona mini asiri. Na je kai wa wani abokin ciniki kaya, kafin in kai hawa na biyu sai da na tsaya na dafa bango ina haki, zuciyata na bugawa har cikin kunnena. Yaron da ya ɗauko dilar kayan a ka ya wuce ni, ya ajiye, ya sauko ya tarar da ni a inda ya bar ni. Shekarata 43 a lokacin. Bayan mako guda na je asibiti, aka ɗaura mini abin awo a dantse, ya nuna 152 bisa 96. Likitan ya tambaye ni yadda nake wuni. Na ce daga gida sai babur, daga babur sai benci a shago, daga shago sai tabarmar majalisa. Ya ce, "Malam, ka lissafa mini wuraren zama uku, ba ka faɗi inda kake tafiya ba."

Iyayenmu ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, domin rayuwarsu ce motsin. Namiji ya yi sassabe, ya yi huɗa, ya taka zuwa kasuwar ƙauye ya dawo. Mace ta yi surfe, ta yi daka, ta yi niƙa, ta ja guga a rijiya. Yau inji ya karɓi daka da niƙa, Adaidaita Sahu ya karɓi tafiya, waya ta karɓi zuwa gaisuwa. Tuwon kuwa yana nan yadda yake, har an ƙara masa lemon kwalba da shayi mai kauri. Shi ya sa hawan jini da ciwon suga suka zama ruwan dare, har ana kallon tumbi a matsayin shaidar hutu. Abin da na rubuta a nan shi ne hanyar da na bi, da gyare-gyaren da na koya bayan na yi kuskure, domin mutumin da ya shekara goma ko fiye bai yi tafiyar da ta sa shi gumi ba.

Mataki na farko: ka san inda jikinka ya tsaya

Kafin ka sayi takalmi, ka auna jini. Ana yi a asibitin unguwa, ana yi a manyan kemis, ba ya cin minti 5. Idan awon ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku daban-daban, wannan hawan jini ne, kana bukatar likita tare da motsa jikin. Idan ya kai 180 bisa 110, kada ka fara komai sai likita ya gan ka ya daidaita shi. Ka auna suga ma, da safe kafin ka karya, musamman in akwai mai ciwon a gidanku.

Akwai awo na uku da ba ya bukatar ko sisi. Samo igiya ko zare, ka auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakiyar ka, ka yanke. Ninka shi biyu, ka zagaya cikinka da shi daidai wajen cibiya. In bakin zaren ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitsen cikinka ya wuce kima, kuma shi ne kitsen da ya fi haɗari, domin yana kewaye da hanta da hanji. Nawa ya rage kusan faɗin tafin hannu kafin ya haɗu. Na rataye zaren a ƙusa bayan ƙofar ɗaki, duk ƙarshen wata ina gwadawa. Ya fi mini sikeli faɗin gaskiya.

Wanda ke da ciwon zuciya, ko yake jin ƙirjinsa na ɗaurewa in ya yi sauri, ko ya taɓa sumewa, ko ƙafafunsa na kumbura, ya fara da ganin likita. Sauran mutane kuwa tafiya a hankali ba ta bukatar izinin kowa.

Mataki na biyu: ka san abin da ake nema

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi na bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, sannan ya yi abin da zai ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako. Minti 150 shi ne rabin awa sau 5. Ba sai an yi shi a zama ɗaya ba: minti 10 da safe, 10 bayan azahar, 10 bayan isha'i duk suna shiga lissafi.

Mene ne matsakaici? Tafiyar da numfashinka zai ƙaru, jikinka ya ɗumama, amma kana iya amsa gaisuwa ka yi magana jimla guda ba tare da ka yanke ba. In kana iya rera waƙa kana tafe, rangaji kake yi, ƙara sauri. In ba ka iya haɗa kalma uku, ka yi yawa, sassauta. In kana son ƙidaya, taku 100 a minti guda ya kai. Ni ma'aunin da na riƙe shi ne tafiyar wanda ya ji an tayar da iƙama yana nesa da masallaci, yana sauri amma bai yarda ya yi gudu ba.

Mataki na uku: lokaci, wuri da kaya

A nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, tun kafin su ɗaga ƙafa. Wanda ya ce "zan riƙa yi in na sami sarari" ba zai yi ba, domin sarari ba ya zuwa da kansa. Ka ɗaura tafiyar a jikin abin da ba ka fashinsa. Mu nan Allah ya hutar da mu neman agogo, salloli biyar sun riga sun yanka mana yini. Ni na zaɓi bayan asuba. Ka riga ka tashi, ka riga ka fito, gari da sanyi, titi babu hayaƙi, kuma babu mai kiranka a waya. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce kada in koma gida daga masallaci. In na koma na ga katifa, an gama. Don haka tun da dare nake ajiye kambas a bakin ƙofa, in tafi masallaci da shi, ana shafa addu'a in miƙe hanya.

Wanda aikinsa bai ba shi safiya ba, ya ɗauki bayan la'asar sakaliya ko bayan isha'i. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage hauhawar suga a jini, don haka mai ciwon suga ya riƙe wannan da kyau.

Wuri kuwa, wanda ya fi kusa da gidanka shi ne ya fi. A Kano za ka ga mutane da sassafe a Filin Sukuwa, a Kaduna ana cika Dandalin Murtala, a Yamai ana zagaya filin wasa na Seyni Kountché. In kana kusa da irin waɗannan, ka ci riba. In sai ka hau abin hawa kafin ka isa, bar shi sai ranar hutu. Filin ƙwallon makarantar firamaren unguwarku ya isa. Cikakken filin ƙwallo zagaye 3 kusan kilomita guda ne, kuma mai sauri yana cin kilomita a minti 11 ko 12. In a titi za ka bi, bi gefen da kake fuskantar motoci, ka sa kaya mai haske, kuma kada ka toshe kunnuwanka biyu da abin sauraro. Unguwar da ba ta da tsaro da duku-duku, jira gari ya waye sosai, ko ku fita ku biyu.

Kaya ba sai na musamman ba. Riga marar nauyi da wando mai yalwa sun wadatar, ni da jallabiya na fara. Abu ɗaya da ba na yarda a yi wasa da shi shi ne takalmi. Silifas na sa yatsu su riƙa damƙa, ya jawo ciwon diddige. Sami kambas mai laushin ƙasa, ko na gwanjo ne, wanda ya bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, ka sa da safa. Ka gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe.

Mataki na huɗu: makonni takwas na farko

Kuskurena na farko shi ne zafin nama. Ranar da na fara, na yi gudu na zagaye fili sau 6 don in nuna wa kaina da saura. Washegari ruku'u ya gagare ni, gwiwa ta kumbura, na yi mako uku ban sake fita ba. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma jijiyoyi da gaɓoɓi sai a hankali, shi ya sa mai gaggawa yake jin yana da sauran numfashi alhali gwiwarsa ta riga ta gaji. Da na dawo, ga yadda na bi:

Mako na 1 da na 2: minti 10 zuwa 15, kwana 4 a mako, tafiyar da ta ɗan fi ta yau da kullum. Za ka ji kamar ba ka yi komai ba. Haka ake so. A waɗannan makonni fitar kake koya wa kanka, saurin zai zo daga baya.

Mako na 3 da na 4: minti 20, kwana 5. Minti 5 na farko a hankali don jiki ya ɗumama, minti 10 da sauri, minti 5 na ƙarshe ka sassauta. Kada ka tsaya cak daga sauri, musamman in kana shan maganin hawan jini, domin jiri na iya ɗibarka.

Mako na 5 da na 6: minti 25, kwana 5. Fara wasa da sauri: daga wannan turken lantarki zuwa na uku ka taka da ƙarfi, daga nan zuwa na biyar ka huta da tafiya, haka har ka gama.

Mako na 7 da na 8: minti 30, kwana 5. Ka cika minti 150.

In wani mako ya yi maka nauyi, maimaita shi, babu mai binka da bulala. Bayan wata biyu, in gwiwa lafiya kuma nauyinka bai yi yawa ba, kana iya sa sassarfa: minti 1 gudu, minti 2 tafiya. In ba ka sha'awar gudu, har abada ba dole ba ne. Ƙara tsawon tafiyar, ko ka nemi tudu. Mutanen cikin birnin Kano suna da Dala da Gwauron Dutse, hawa ɗaya ya isa ya nuna maka inda ka kwana. Keke ma yana da kyau ga mai ciwon gwiwa, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyin.

Ka bambance tsamin jiki da rauni. Tsami yana zuwa bayan kwana 1 ko 2, a cikin naman cinya ko sha-raɓa, yana raguwa in ka motsa, ya wuce cikin 'yan kwanaki. Wannan ba komai. Ciwon da ke suka a cikin gaɓa, ko kumburi, ko wanda ke sa ka ɗingishi, hutu yake nema. Amma in ka ji ƙirji ya danne, ko ciwo ya bi kafaɗa zuwa hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya sarƙe fiye da ƙima, ko ido ya rufe, tsaya nan take a kai ka asibiti. Wannan ba wurin jarumta ba ne.

Mataki na biyar: ƙarfin tsoka

Tun daga wajen shekara 30 tsoka ke fara zaizayewa a hankali ga wanda ba ya amfani da ita. Ita ce ke sa ka ga dattijo ya kasa tashi daga tabarma sai an kama shi. Tsoka kuma ita ce babbar ma'ajiyar da ke janye suga daga jini. Minti 15 sau 2 a mako a tsakar gida ya isa farawa, daga mako na 3.

Zauna a kujera mai ƙwari, ka miƙe ba tare da dafa komai ba, ka sake zama a hankali, sau 10. Fuskanci bango, ka dafa shi da tafuka biyu daidai kafaɗa, ka ja ƙafafu baya kaɗan, ka lanƙwasa gwiwar hannu har ƙirji ya kusa taɓa bangon, ka tura kanka baya, sau 10. In ya yi sauƙi, koma dafa benci, daga nan sai ƙasa. Kwanta rigingine, ka tanƙwashe gwiwoyi, ka ɗaga ƙugu sama ka riƙe kaɗan ka sauke, wannan maganin bayan mai dogon zama ne. Tsaya ka dafa bango, ka yi ɗage a kan yatsu ka sauko, sau 15. Sannan cika jarka biyu masu lita 5 da ruwa, kowace kilo 5 ke nan, ka ɗauka hannu bibbiyu ka kai ƙarshen tsakar gida ka dawo, bayanka a miƙe. Ka zagaya waɗannan sau 2. Kada ka riƙe numfashi lokacin yunƙuri, fitar da shi, domin riƙewa na harba jini sama.

Ga 'yan'uwa mata

Maiɗakina ta daɗe tana cewa aikin gida ya ishe ta motsa jiki. Aikin gida na gajiyarwa, babu musu, amma yawancinsa tsayuwa ce da sunkuyo, ba ya ɗaga bugun zuciya ya riƙe shi na minti 10. Ta fara ne da zagaya tsakar gida bayan yara sun tafi makaranta, tana sauraron rediyo. Daga baya ta ƙara hawa da sauka a kan dakalin ƙofar ɗaki, minti 1 ta huta minti 1. Yanzu ita da maƙwabciyarta suke raka yara Islamiyya a ƙafa su dawo, da hijabinsu, babu wanda ya san motsa jiki suke yi. Tsallen igiya da muka bar wa yara yana da ƙarfi ƙwarai, sai dai mai nauyin jiki ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba ta jinkirta shi. Mai juna biyu da ba ta da matsala an fi son ta riƙa tafiya, ta dai tambaya a wajen awo. Ga mazan da ke ganin abin bai dace ba, ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha. Maigida, in ba za ka raka ta ba, kada ka hana ta.

Mataki na shida: tafiya da yanayi

Bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri, Kano da Damagaram. A wannan lokaci ka gama kafin rana ta ɗaga, ko ka bari sai ta faɗi. Sha leda ɗaya ta ruwa kafin ka fita, wata in ka dawo, ka duba fitsarinka: in ya yi duhu kamar shayi, ruwa bai ishe ka ba. Masu sa rigar leda ko su naɗe ciki da leda wai don kitse ya narke, su daina. Ruwan jiki ne ke fita, yana dawowa da an sha, kuma abin na iya kai mutum ga suma.

Da hunturu, ranar da hazo ya rufe gari, yi naka a cikin gida ko ka sa takunkumi, musamman mai asma. Tsawaita ɗumama jiki, ka shafa mai a diddige kada kaushi ya tsage. Da damina kuwa ka tanadi abin yi a ɗaki, tafiya a wuri ɗaya kana ɗaga gwiwa minti 15 ta maye gurbi.

Azumi shi ne inda na fi ganin mutane suna yankewa, daga nan kuma ba sa dawowa. Kada ka daina, rage dai. Ko dai tafiya marar nauyi minti 15 zuwa 20 dab da shan ruwa, ko ka bari sai bayan asham, ka je masallaci mai ɗan nisa a ƙafa. Mai shan maganin suga ko mai yin allurar insulin ya tattauna da likitansa, kuma ko da azumi ko ba azumi ya riƙa fita da dabino 3 a aljihu, in ya ji rawar jiki da gumi mai sanyi ya ci. Ya kuma duba tafin ƙafarsa kullum bayan ya cire takalmi.

Baki da abin da ke shigarsa

Ba zan tsawaita a nan ba. Tafiyar rabin awa da sauri tana ƙona abin da bai wuce kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 ba, wadda ke ɗauke da suga kusan ƙaramin cokali 9. Wanda ya dawo daga fili ya zauna wajen mai shayi aka zuba masa madara da suga ludayi guda, ya mayar da abin da ya fitar. Duk da haka kada sikeli ya karya maka gwiwa. Ko nauyi bai sauka ba, jini na sauka, barci na daɗi, suga na daidaita. Kuma kada ka ajiye maganin da likita ya ɗora ka a kai don ka ga sauƙi, shi ne zai rage maka in lokaci ya yi.

Maganar mutane, da ranar da ka yi fashi

Za a yi magana. Ni an ce mini, "Alhaji, babur ɗin ne ya lalace?" An ce, "Ko soja za ka shiga da furfura?" Wani ma ya tsaya da mota da zuciya ɗaya zai rage mini hanya. Ka yi murmushi, ka ce likita ne ya sa ka, ka wuce. Ba ta wuce mako biyu ake sabawa. Biyu daga cikin masu zolayar nan yanzu tare muke fita, ɗaya bayan an kwantar da yayansa da shanyewar ɓarin jiki.

Abokin tafiya shi ne babban jari. Ranar da kasala ta kama ka, sanin cewa wani na tsaye a ƙofar masallaci yana jiranka zai fitar da kai. Sami kalanda ka rataye, duk ranar da ka fita ka ja layi da biro. Sannan ka cusa tafiya cikin harkokinka: sauka daga Adaidaita tun kafin ka iso, je Juma'a a ƙafa, miƙe ka zagaya shago duk bayan awa guda, aiken da bai kai kilomita ba ka je da kanka maimakon tura yaro.

Fashi kuwa dole za a yi shi. Za a yi rasuwa, za a yi biki, zazzaɓi zai kwantar da kai, tafiya za ta taso. Dokar da na kafa wa kaina ita ce kada in bar kwana biyu a jere su wuce in dai lafiyata ƙalau, kuma ranar da ba na jin yi, in fita na minti 5 kawai da niyyar in dawo. Sau da yawa in na kai bakin titi sai in zarce. In hutun ya kai mako biyu ko fiye, kada ka ɗora daga inda ka tsaya, koma baya da mataki biyu a jadawalin makonni takwas ɗin nan, ka sake hawa. Bayan zazzaɓin cizon sauro ka ba jiki 'yan kwanaki bayan ka gama magani, ka dawo da minti 10.

Zaren nan da ke bayan ƙofa ya haɗu a wata na tara. Ranar na kira maiɗakina ta riƙe bakinsa da hannunta don ta shaida, ta karɓa ta auna tsawonta da wani sabo, ta rataye nata a ƙusa ɗaya da nawa.